Ƙarar Likitoci da Tsadar Asibiti a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da 'yan siyasar Amurka suka zauna muhawara kan tsadar kiwon lafiya, sai an tabo maganar lauyoyi da kotu. Wani ɓangare ya ce ƙararrakin da ake maka likitoci su ne suka tayar da farashi, ɗaya ɓangaren ya ce wannan kame-kame ne kawai. An shafe fiye da shekara 40 ana wannan ja-in-ja, kuma an yi bincike mai yawa a kai, don haka akwai abin da za a iya faɗa da tabbaci.

Mene ne asalin gardamar?

A Amurka, idan likita ko asibiti ya yi sakaci har majiyyaci ya cutu, hanyar neman diyya ita ce kotu. Majiyyacin ko iyalansa su ɗauki lauya, lauyan ya shigar da ƙara, kuma galibi ba ya karɓar ko sisi sai an ci shari'ar, sannan ya ɗebi kasonsa, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin uku ko ma fiye. Likitoci kuma suna biyan inshora duk shekara domin ta tsaya musu idan an maka su.

'Yan jam'iyyar Republican da ƙungiyoyin likitoci da kamfanonin inshora sun daɗe suna cewa wannan tsari ya wuce gona da iri, suna neman a sa iyaka ga diyyar da kotu za ta iya yankewa. 'Yan Democrat da ƙungiyar lauyoyi masu kare waɗanda aka cuta suna cewa sa iyakar tauye haƙƙin marar ƙarfi ne. Shugaba George W. Bush ya ɗauki batun da zafi. A shekarar 2003 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin ƙayyade diyyar raɗaɗi a kan dala 250,000, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa, kuma har yau babu irin wannan doka a matakin tarayya. Kowace jiha tana bin nata tsarin.

To nawa ne ƙararrakin suke ci a cikin kuɗin lafiya?

Lissafin da aka fi dogara da shi ya fito a 2010 a mujallar Health Affairs, daga Michelle Mello da abokan aikinta, akasarinsu na Jami'ar Harvard. Sun haɗa komai: diyyar da aka biya, kuɗin lauyoyi na ɓangarorin biyu, kuɗin gudanar da inshora, da gwaje-gwajen da likitoci ke yi saboda tsoron kotu. Jimillar ta kama dala biliyan 55.6 a shekara, wato kashi 2.4 cikin 100 na abin da ƙasar ke kashewa kan lafiya. A cikin wannan adadi, dala biliyan 45.6 na gwaje-gwajen tsoro ne. Diyya da kuɗin shari'a kansu kusan biliyan 10 ne kacal.

Sai kuma tambayar da ta fi muhimmanci: idan an gyara dokar, nawa za a rage? A watan Oktoban 2009, ana tsakiyar rigimar dokar lafiya ta Obama, Sanata Orrin Hatch na Republican ya nemi ofishin da ke yi wa majalisa lissafin kasafi, wato CBO, ya auna masa. Amsar da ofishin ya bayar ita ce, idan aka aiwatar da dukkan gyare-gyaren da ake nema a faɗin ƙasa, kuɗin lafiya zai ragu da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, kuma gwamnatin tarayya za ta rage giɓin kasafinta da dala biliyan 54 a cikin shekara 10.

Biliyan 54 ba abin yarwa ba ne. Amma a 2023 Amurka ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 kan lafiya, fiye da kashi 17 cikin 100 na tattalin arzikinta. Wanda ya ce ƙararraki ba sa cin komai bai faɗi gaskiya ba. Wanda kuma ya ce su ne ummul'aba'isin tsadar ya fi shi nisa da gaskiya.

Me ake nufi da gwaje-gwajen tsoro, kuma me ya sa alƙaluman suke saɓawa haka?

Mutum ya zo sashen gaggawa da ciwon kai. Likita ya duba shi, ya ga babu wata alamar haɗari, amma duk da haka ya tura shi hoton ƙwaƙwalwa, don kada gobe a tsaya gaban alƙali a tambaye shi me ya hana shi. Wannan shi ne aikin kare kai, kuma babu mai musun cewa yana faruwa.

Wahalar tana wajen aunawa. Likitan da ya tura mutum hoto yana iya yin haka saboda tsoron lauya, ko saboda majiyyacin ne ya matsa, ko saboda haka aka koya masa, ko saboda asibitin yana samun kuɗi a kan kowane hoto. Sau da yawa dalilan a cakuɗe suke, shi kansa ba zai iya rarrabe su ba. Shi ya sa hanyar da aka bi wajen lissafi take sauya amsa ƙwarai. A 2010 kamfanin Jackson Healthcare ya fitar da adadin dala biliyan 650 a shekara, wanda 'yan siyasa suka yi ta maimaitawa. An samo shi ne ta hanyar tambayar likitoci su ƙiyasta da kansu kaso nawa na aikin lafiya ne na kare kai. Wannan jin ra'ayi ne, ba awo ba, kuma waɗanda aka tambaya suna da buƙata a cikin amsar.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a duba abin da ya faru a inda aka sauya doka. Binciken Daniel Kessler da Mark McClellan na 1996 ya ga raguwar kashi 5 zuwa 9 cikin 100 a kuɗin asibiti na tsofaffi masu ciwon zuciya a jihohin da suka ƙayyade diyya, kuma masu son gyara sun riƙe shi shekaru da yawa. Sai dai da aka faɗaɗa dubawa zuwa sauran cututtuka, ba a sake ganin raguwa mai girman haka ba. A 2014 Daniel Waxman da abokansa na cibiyar RAND suka duba jihohin Texas, Georgia da South Carolina, inda aka tsaurara doka ta yadda ba za a ci likitan gaggawa a kotu ba sai an tabbatar da mummunan sakaci. An ɗauke musu kusan duk barazanar. Amma yawan hotunan CT da MRI da suke nema bai ragu ba, yawan kwantar da marasa lafiya ma haka. A Georgia kaɗai aka ga kuɗin da ake caji ya ɗan sauka, da kashi 3.6 cikin 100.

Ke nan likitoci ƙarya suke yi da suke kukan tsoro?

A'a, kuma ina ganin rashin adalci ne a faɗi haka. Binciken Anupam Jena da abokansa na 2011 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 7.4 cikin 100 na likitoci suna fuskantar ƙara, kuma a fannin tiyatar ƙwaƙwalwa adadin ya kai kusan kashi 19. Kafin likita mai aiki a fanni mai haɗari ya cika shekara 65, kusan tabbas ne an taɓa maka shi, domin ƙiyasin ya kai kashi 99 cikin 100. Gaskiya ne cewa kashi 78 na waɗannan ƙararraki suna ƙarewa ba tare da an biya ko kwabo ba. Amma mutumin da ya yi shekaru sunansa na yawo a takardun kotu, ana tuhumarsa da kashe wanda ya yi ƙoƙarin ceta, ba zai ji sanyi don an ce masa a ƙarshe ba a biya ba. Tsoron na gaske ne. Abin da bincike ya nuna shi ne sauya doka ba ya sauya halin aiki yadda aka zata.

Shin yawancin ƙararrakin na neman kuɗin banza ne?

Wannan ita ce kalmar da aka fi ji a bakin 'yan siyasa, kuma an gwada ta. A 2006 David Studdert da abokansa suka sa likitoci su duba fayilolin ƙararraki 1,452 da aka riga aka rufe. A kashi 3 cikin 100 ne kawai ba a ga wani rauni ba. A kashi 37 an cutu, amma masu dubawar ba su ga kuskuren likita ba, kuma akasarin waɗannan ba su sami diyya ba. Sauran, wato mafi rinjaye, akwai kuskure na haƙiƙa. Abin takaici, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa kuskuren sun tashi a tutar babu.

Binciken ya kuma tono abin da ya kamata ya dami kowa. A kan kowace dala da aka biya diyya, santi 54 sun tafi wajen lauyoyi, ƙwararrun shaidu da kotu. Daga ranar da aka cutu zuwa ranar da aka kammala shari'a, matsakaicin lokaci shekara 5 ne.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Wani babban bincike na Harvard da ya duba takardun marasa lafiya fiye da 30,000 a asibitocin jihar New York na shekarar 1984 ya gano cewa a cikin waɗanda sakaci ya cutar, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne suka shigar da ƙara. Wasu ba su ma san an yi musu kuskure ba, wasu kuma ba su sami lauyan da zai karɓi shari'arsu ba. A 1999 Cibiyar Nazarin Lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 suna mutuwa kowace shekara a asibitoci saboda kurakurai. Kurakuran sun ninka ƙararrakin sau da yawa.

An gwada ƙayyade diyya a wani wuri? Me ya biyo baya?

California ce ta fara shahara da shi. A 1975 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu kan dokar da ake kira MICRA, wadda ta tsayar da diyyar raɗaɗi a dala 250,000. Adadin bai motsa ba har kusan shekara 47, duk da hauhawar farashi ta cinye mafi yawan darajarsa. Sai a 2022 likitoci da lauyoyi suka sasanta, aka ɗaga shi zuwa dala 350,000 daga 2023, zai riƙa hawa har 750,000, idan kuma an rasa rai daga 500,000 zuwa miliyan ɗaya.

Texas ta bi sahu a 2003 zamanin Gwamna Rick Perry, har da gyara kundin tsarin mulkin jihar ta hanyar ƙuri'ar jama'a don kada kotu ta soke dokar. Ƙararraki sun ragu ƙwarai, kuɗin inshorar likitoci ma ya sauka. Ta wannan fuska dokar ta yi aikinta. Amma masu bincike irin su Bernard Black, David Hyman da Charles Silver, da suka bi diddigin kuɗin da Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya don tsofaffi, ke kashewa a jihar, ba su ga raguwa ba bayan dokar. A 2009 likita Atul Gawande ya je garin McAllen a kudancin Texas, inda Medicare ke kashe kusan dala 15,000 kan kowane tsoho a 2006, kusan ninki biyu na abin da ake kashewa a El Paso. Garuruwan biyu a jiha ɗaya suke, dokar ƙara ɗaya ce ta hau kansu. Likitocin McAllen sun fara ɗora laifin kan lauyoyi, amma da aka tuna musu dokar 2003 sai suka yarda cewa ƙararraki sun kusa ɓacewa. Bambancin yana cikin yawan gwaji da tiyata da ake yi wa mutane.

A wasu jihohin kotunan ƙoli sun soke irin wannan iyaka: Illinois da Georgia a 2010, Florida a 2014 da 2017.

Wa ƙayyadewar take cutarwa?

Diyya iri biyu ce. Akwai ta asarar dukiya, kamar albashin da mutum ya rasa da kuɗin magani, kuma yawancin jihohi ba sa taɓa wannan. Akwai ta raɗaɗi da rashin gaɓa da rashin ɗan'uwa, ita ce ake sa wa iyaka. Saboda haka babban ma'aikaci mai albashi mai tsoka yana iya samun diyya mai yawa, amma jariri, ko tsohuwa mai fansho, ko uwar da ke gida tana renon 'ya'ya, ba su da albashin da za a lissafa. Shari'ar sakacin likita kuma tana da tsadar shiryawa saboda kuɗin ƙwararrun shaidu, don haka lauya yakan duba ya ga ba za ta fitar da kuɗinta ba, ya ƙi karɓa. Wannan shi ne babban abin da ya sa ban gamsu da iyakar ba: nauyinta yana sauka kan waɗanda aka fi yi wa illa kuma suka fi rauni.

Waɗanne dabaru 'yan siyasa ke amfani da su a muhawarar?

Ta farko ita ce labari ɗaya mai tayar da hankali a madadin lissafi. Shari'ar kofin McDonald's ta 1994 ita ce gagarabadau. An yi ta ba da ita a matsayin matar da ta zubar wa kanta kofi mai zafi, ta maka kamfanin abincin a kotu ta kwashi miliyoyi. Abin da ba a faɗa shi ne Stella Liebeck tana da shekara 79, ƙunar ta ci fatarta har sai da aka yi mata dashen fata, da farko dala 20,000 ta nema aka yi mata tayin 800, kuma alƙali ya rage tarar dala miliyan 2.7 zuwa 480,000. Shari'ar ba ta ma shafi likita ba, amma ta zama hujja a kan majiyyata. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa: a kawo yaron da aka nakasa wajen haihuwa a tsayar gaban kyamara, kamar labarinsa ya amsa tambayar kuɗi.

Ta biyu ita ce wasa da ma'auni. Mai son gyara zai ce "biliyan 54", mai adawa zai ce "rabin kashi ɗaya cikin 100". Daga takarda ɗaya ta CBO suka ɗauko, kuma dukansu gaskiya suka faɗa, kowa ya zaɓi fuskar da ta yi masa. A taron da Obama ya kira kan dokar lafiya a Blair House, masaukin baƙin shugaban ƙasa, ranar 25 ga Fabrairun 2010 an ga wannan ƙarara, inda 'yan Republican suka riƙa dawo da batun ƙararraki shi kuma yana mayar da su kan ƙanƙantar kason. Mai sauraro ya kamata ya riƙa tambaya: a cikin nawa, kuma a shekara nawa?

Ta uku ita ce sukar mutum a bar maganarsa. A zaɓen 2004 John Edwards, wanda ya yi wa John Kerry na Democrat takarar mataimakin shugaban ƙasa, tsohon lauya ne da ya yi arziki da shari'o'in sakacin likita a North Carolina. Abokan hamayya suka mayar da sana'arsa hujja. A muhawararsa da Dick Cheney, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, a Cleveland ya kawo shawarar cewa ƙwararru su tace ƙara kafin a shigar da ita, a kuma hukunta lauyan da ya maimaita shigar da ta banza. Shawarar ba ta sami tattaunawar da ta kamata ba, domin an riga an karkata hankali kan wanda ya faɗe ta.

Ta huɗu ita ce raɗa suna. A 2009 mai ba Republican shawara Frank Luntz ya koya musu su riƙa kiran shirin lafiya na Obama ƙwacen gwamnati, Sarah Palin, tsohuwar gwamnar Alaska, kuma ta ƙirƙiro zancen kwamitocin mutuwa, wai su za su yanke wanda ya cancanci a yi masa magani, abin da babu shi a ƙudurin. Haka "ƙarar banza" take aiki: da zarar sunan ya zauna, duk wanda ya je kotu sai ya fara wanke kansa kafin a saurare shi.

Akwai kuma jero zarge-zarge da yawa a numfashi ɗaya. Mai magana ya jefo cewa likitoci na gudu daga jiha, masu karɓar haihuwa sun daina aiki, inshora ta ninka, lauyoyi sun yi kuɗi, duk cikin minti ɗaya. Kowane ɗaya yana buƙatar minti biyar kafin a warware shi, abokin muhawara kuma daƙiƙa 90 aka ba shi. Wanda ya tara ya ci, ko da rabin abin da ya tara ba ya tsayuwa.

'Yan Democrat fa, hannunsu a wanke yake?

Ko kaɗan. Lauyoyin masu ƙara suna cikin manyan masu ba jam'iyyar gudummawar kuɗi. A watan Agustan 2009, a wani taron jama'a a Virginia, tsohon shugaban jam'iyyar Howard Dean, wanda shi kansa likita ne, ya faɗa a fili cewa ba a sa gyaran dokar ƙara a ƙudurin lafiya na Obama ba ne don marubutansa ba sa son ƙara lauyoyi a cikin abokan faɗansu. Obama, a jawabinsa ga majalisa ranar 9 ga Satumban 2009, ya yarda cewa aikin kare kai na iya ƙara tsada, daga baya ya ware dala miliyan 25 don gwada sababbin hanyoyin magance matsalar ƙararraki. Dokar da ya sa wa hannu a Maris 2010 ta ba da izinin wasu miliyan 50 ga jihohi, amma majalisa ba ta taɓa sakin kuɗin ba. Nuna cewa kason ƙararraki ƙarami ne gaskiya ce, sai dai an yi amfani da ita wajen kauce wa tambayar ko tsarin yana yi wa wanda aka cuta adalci.

Idan ba ƙararraki ba, me ke sa tsadar?

Farashi. Tun 2003 Gerard Anderson da Uwe Reinhardt da abokansu suka nuna cewa Amurkawa ba sa zuwa wurin likita ko kwana a asibiti fiye da mutanen sauran ƙasashe masu arziki, kawai dai kowane abu sun fi biyansa da tsada: magani, tiyata, gadon asibiti, hoto. A ƙara da kuɗin takardu tsakanin ɗaruruwan kamfanonin inshora, da haɗewar asibitoci zuwa manyan rukunoni da ke iya yanka farashin da suka ga dama.

Akwai abin da ya haɗa wannan da halin da ake ciki a Najeriya?

Matsalar a nan kusan kishiya ce. Ƙarar likita ba ta da yawa, iyalai sukan ce ƙaddara ce su bar wa Allah, shari'a kuma tana da tsawo da tsada. Majalisar Likitoci ta Najeriya tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da likita ko soke lasisinsa, amma ba ta biyan diyya. Kuma tsadar da talaka ke ji ba ta da alaƙa da lauya, tana zuwa ne daga biyan mafi yawan kuɗin magani daga aljihu. Duk wanda ya ɗauko muhawarar Amurka ya dasa ta nan ya ɗauko maganin ciwon da ba shi ake fama da shi ba.

Akwai wata hanya banda kotu ko iyaka?

Akwai, kuma an gwada. New Zealand tun 1974 tana biyan diyyar rauni daga asusun gwamnati ba tare da an je kotu ba, Sweden ma tana da inshorar majiyyata tun 1975. A cikin Amurka, Virginia da Florida sun kafa asusu na musamman a ƙarshen shekarun 1980 domin jariran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa. A irin waɗannan tsare-tsare mutane da yawa suna samun diyya, kuma da wuri, amma abin da kowa ke samu bai kai na kotu ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na asibitocin Jami'ar Michigan. Daga 2001 suka daina bin al'adar musu da rufa-rufa. Idan abu ya ɓaci, asibiti ya bincika da kansa, ya zauna da iyali ya gaya musu abin da ya faru. Idan kuskure ne, a nemi gafara a yi tayin diyya nan take. Idan ba kuskure ba ne, a yi bayani kuma a tsaya wa likitan har kotu. Mutane da yawa sun yi hasashen ƙararraki za su yi ambaliya. Binciken da Allen Kachalia da abokansa suka wallafa a 2010 ya nuna akasin haka: ƙararrakin da ke kaiwa kotu sun ragu da fiye da rabi, lokacin kammalawa ya gajarta, kuɗin lauyoyi ya sauka. A 2005 Hillary Clinton da Barack Obama, lokacin suna sanatoci, sun gabatar da ƙudurin yaɗa wannan tsari a faɗin ƙasa, amma bai fita daga kwamiti ba. Asibitocin da suka ɗauke shi daga baya, kamar na Jami'ar Illinois a Chicago da na Stanford, sun yi ne bisa raɗin kansu, ba tare da wata dokar tarayya ta tilasta musu ba.